Makullin da Iliya Ya Ɗaga a Talabijin

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Ubangijinmu, iyayena da ƙannena na zumunta. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Saratu. Waɗanda suka san ni kuma sun san ban iya gajeren zance ba, don haka mai duba agogo ta yi haƙuri da ni yau.

Shaidar da na kawo tsohuwa ce, ta girmi yawancin masu zama a bencin baya. Jikana ne ya tono mini ita. Ran nan na same shi gaban talabijin ana buga ƙwallo, sai aka katse wasan aka sa tallar caca, wani saurayi yana ta tsalle wai ya ci. Na ga yadda idon yaron nan ya kafe a kan allo. Na san wannan kallon. Na taɓa ganinsa a fuskar ƙanena Iliya, kuma saura ƙiris ya kai shi kabari.

A lokacin soja ne ke mulki, kuɗin mai kuma ya shigo ƙasa kamar ba zai ƙare ba. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya ruga kanti, mai sayen rediyo na saye, mai sayen babur na saye. Ni ina buga tafireta a sakatariya, ina haya a ɗaki guda wajen Ƙofar Kware, a gidan wani dattijo mai sayar da hatsi da muke kira Baba Alhaji. Shi ne ya fara sayen talabijin a layinmu. Da yamma sai a fito da ita a ɗora kan tebur a ƙofar gida, unguwa ta taru a kan tabarmi, har waɗanda ba sa ga maciji da juna.

Iyayenmu sun riga mu gidan gaskiya, daga ni sai Iliya. Abin da Inna ta bar mini adaka ce ta ƙarfe, cike da zannuwa da ta yi shekaru tana tarawa saboda ranar aurena. Ba na buɗe ta sai lokacin Kirsimeti, in shanya kayan in mayar. Makullin kwaɗonta ƙarami ne, sai Inna ta ɗaura masa wani ƙaton farin maɓallin riga da zare don kada ya ɓata. Takardun makarantar Iliya ma a ciki suke. Da ya samu shiga sabuwar jami'ar da aka buɗe a garin nan, ya karɓi makullin don ya ɗebi takardunsa, bai dawo mini da shi ba, ni kuma ban tambaya ba. Wa zai tambayi ƙanensa makulli?

Iliya kyakkyawa ne, kada ku dubi tsohon da ya zama yanzu. Yana da wushirya, in ya yi murmushi sai ka ji kamar ka ba shi abin da ke aljihunka. Wannan murmushin ne ya jawo mana.

Wata yamma ina dawowa daga famfo da bokiti a kai, sai na ji mutanen tabarma suna kiran sunana, wai in zo in ga ƙanena. Na leƙa, sai ga Iliya a cikin talabijin, zaune kan sabon babur, littattafai a hammata, ya ɗaga makulli sama yana murmushi. Wata murya mai kauri tana cewa wannan ɗalibi ne, da takardar cacar ƙwallo ɗaya ya ci babur. Aka buga ɗan kiɗa, muryar ta ce yau shi ne, gobe kai ne.

Kowa yana kallon babur, ni kuwa makullin nake kallo. Ga farin maɓallin Inna yana reto a ƙarƙashin yatsunsa! Dariya ta kama ni har ruwan bokiti ya zube mini a baya. Maƙwabta suka ɗauka murna ce.

Da ya zo ranar Asabar na tsare shi. Ya ce ai wasa ne. Wani mutumin kamfanin cacar ne ya gan shi a bakin titin Sama, ya ce fuskarsa ta dace da talla. Babur ɗin ma aro aka yi daga kanti, ba mai a ciki, kuma an manta ba a karɓo makullinsa ba. Aka ce wa ke da makulli a aljihu, shi ne ya zaro namu. Suka ba shi riga da ɗan abin sayen takalmi, suka ja masa kunne cewa in ya faɗa wa wani sai kotu ta raba su. Ya roƙe ni in yi shiru. Na yi shiru, don a ganina abin bai wuce a yi dariya a manta ba.

Ashe a jami'a ba dariya ake yi ba.

Akwai talabijin a ɗakin hutawar ɗalibai, kuma kowace yamma ana sa tallar nan kafin labarai da bayan labarai. Ku tuna su wane ne ke kallo. Yara ne 'yan talakawa da aka damƙa wa alawus a hannu, kuɗin da ubanninsu ba su taɓa riƙewa a dunƙule ba, abinci kuma kusan kyauta. Da baƙo suka gani a kan babur ɗin, da sun ce tallar 'yan Ikko ce. Amma wanda suka gani shi ne wanda suke bin layin abinci tare da shi. In aka tambaye shi ina babur, sai ya ce ya aika da shi ƙauye.

Cacar kuwa ta wasannin Ingila ce. Ana ba ka takarda mai lambobi, kowace lamba wasa ɗaya, ka zaɓi waɗanda kake ganin za su tashi kunnen doki, ka biya, ranar Asabar da yamma a ji sakamako a rediyo. Da farko ɗalibai suna kawo wa Iliya takardunsu ne ya taɓa musu kawai, wai hannunsa na da sa'a. Daga nan suka ce ya zaɓa musu lambobi. Daga baya suka fara tara kuɗinsu suna ba shi ya buga musu gaba ɗaya, in an ci a raba. 'Yan jami'a fa, masu karanta manyan littattafai!

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da tallar ta yi wa shi kansa. Mutum ya zauna kullum yana kallon kansa yana cin babur, jama'a na tafa masa, a hankali sai ya fara mantawa da yadda aka yi. Wata rana yana cin tuwo a ɗakina, ya tsaya yana juya tafin hannunsa, ya ce, “Yaya, kin san wataƙila da gaske akwai wani abu a hannun nan.” Ba wasa a muryarsa.

Ya rame. Ya daina zancen karatu, sai sunayen garuruwan da bai taɓa gani ba, wai wannan ba ta cin wasa a gida in an yi ruwa. Ya daina zuwa sujada, sai kuma kwatsam ya dawo, na yi ta godiya ga Allah. Ran nan na leƙa abin da yake rubutawa lokacin wa'azi, sai na ga lambobin waƙoƙin da aka jera a allon gaba yake kwafewa, zai kai su gidan caca. Na yi masa faɗa, na yi kuka, na yi masa barazanar kai shi wurin fasto. Ya ce in ba shi Asabar ɗaya kawai. Asabar ɗin nan ba ta taɓa zuwa ba.

Yana da abokin ɗaki mai suna Markus, yaro mai kunya, wanda ya sha cin abinci a ɗakina yana kirana Yaya. Uban Markus ya sayar da sansa na noma ya aiko masa da kuɗin don ya saya wa gidansu kwanon rufi a birni. Markus ya ɗauka ya damƙa wa Iliya, da niyyar ya ninka shi tukuna. Ya tafi yadda na sauran ya tafi.

Daga nan zance ya juya. Aka fara raɗa cewa Iliya yaron kamfani ne, ana ba shi lambobin gaskiya ya buga wa kansa, su kuma ya ba su na banza. Wasu suka ce bai ma buga komai ba, kuɗinsu yake kwasowa yana tarawa a ɗakin yayarsa. Ai kowa ya ga ya ci babur, me ya sa tun daga nan bai sake ci ba sai da kuɗinsu ya shiga hannunsa?

Wata ranar aiki na dawo na same shi tsugune a bayan ƙofata, riga a yage, leɓe a fashe. Ta tagar ɗakinsu na jami'a ya tsere wa ɗalibai. Ya ce sun rantse sai sun ga bayansa.

'Yan'uwa, na taɓa ganin abin da taron mutane ya yi wa wani da aka kira ɓarawo a bakin kasuwa. Ban tsaya na ga ƙarshe ba, amma na ga lokacin da ya daina kare kansa da hannu. Wannan hoton ne ya zauna mini a ido, sai dai da fuskar Iliya.

Na ce ya gudu ƙauye. Ta ina? Babu ɗan kamashon da bai san fuskarsa ba a tasha, yara ma a titi “mai babur” suke ce masa. Na ce mu je wurin 'yan sanda, ya ce in maganar ta kai hukumar makaranta korarsa za a yi, kuma a zamanin nan wanda ya shiga hannu ba ya sanin ranar fitowa. Haka na kulle shi a ɗaki ina zuwa aiki, ina buga takardun gwamnati. Kowace yamma kuma kiɗan tallar nan sai ya ratso bango ya same mu. Ni da shi mu zauna muna jin murya tana shela wa gari duka fuskar wanda nake ɓoyewa. Ban taɓa ƙin wani sauti a duniya kamar kiɗan nan ba.

Ranar da suka zo, an idar da sallar magariba ke nan, an fito da talabijin. Na ji hayaniya daga bakin layi, irin wadda ba ta biki ba. Na leƙa ta zaure na gan su, sun cika hanya, wasu da sanduna, wasu sun naɗe bel a hannu. Markus ne a gaba, don shi kaɗai ya san gidan. Idonsa ya yi ja, bai yi kama da yaron da nake zuba wa miya ba.

Mutanen tabarma suka watse. Baba Alhaji ne kawai bai motsa daga buzunsa ba, yana zaune daidai bakin zaure da carbi a hannu. Na ji ya ce, “Mi kuka biɗa ƙohwar gidana da sanduna, ɗiyan makaranta? Wanda duk yat taɓa wanda ke cikin gidanga, ni yat taɓa.” Allah ya saka wa dattijon nan. Amma tsoho ɗaya ne, su kuwa suna ta matsowa, na kuma ji wani yana cewa a zagaya ta katangar baya.

Na koma ɗaki na sa sakata. Iliya ya dunƙule a lungun gado. Na zube a kan gwiwa. Ba addu'ar da aka koya mana a aji na yi ba. Cewa na yi, “Yesu, shi kaɗai gare ni. Ya yi laifi, na sani, amma kada ka bari a kashe mini shi a kan ƙarya. Ka ɗauki duk abin da kake so a wurina, ka bar mini yaron nan.” Na yi ta maimaitawa, ban ma san abin da nake faɗa ba.

Ina cikin haka kiɗan tallar ya tashi a waje, ta kafin labarai. Ihun ɗalibai ya ƙaru da suka ga fuskarsa. Ni kuma goshina yana jingine da wani abu mai sanyi a gefen gado, na buɗe ido na ga adakar Inna ce. Nan take maɓallin nan ya faɗo mini a rai, kamar an kira sunana.

Na ce Iliya ya ba ni makulli. Sai ya damƙe aljihunsa da hannu biyu, ya ce, “Yaya, kada ki buɗe ta. Gara su kashe ni.” Na ɗauka tsoro ne ya taɓa masa kai. Na murɗe hannunsa na ƙwace, na jawo adakar na ɗora a kai na fita. Na ji ba ta da nauyi, amma na ce a raina ƙarfin firgita ne ya zo mini.

Na dire ta gaban talabijin. Na gaya musu ƙanena bai taɓa cin ko ƙararrawar keke ba, makullin da suke gani a hannunsa na adakar uwarmu ne, in sun jira a sake sa tallar za su gani. Suka yi mini ihu. Baba Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, “Ku zamna a ƙare labarai, mu gani da idonmu. In ƙarya ta yi, ga ta ga ku.”

Ba su zauna ba, amma sun tsaya. Ban taɓa jin labarai masu tsawo irin na ranar ba. Gwamnan soja yana yanke kyalle a wani wuri, ana ta tafi, ni kuwa ina tsaye tsakiyar sanduna da makulli a hannu, gumi na bin ƙafata. Ina tunanin in wutar lantarki ta ɗauke fa? In yau ba su maimaita tallar ba fa? Leɓena yana motsi, sunan Yesu kawai nake kira.

Sai kiɗan ya tashi. Ga Iliya a kan babur, ya ɗaga hannu. Na kai nawa hannun gefen allon, makullin na reto, farin maɓalli a ciki, farin maɓalli a waje, har guntun zaren da ya yi saura. Can wani daga baya ya ce kowa ma zai iya ɗaura maɓalli, kuma in adakar ce to a cikinta kuɗinsu yake, a buɗe.

Baba Alhaji ya ce, “Buɗe ta, ɗiyata.”

Na sa makulli, kwaɗo ya buɗe. Na ɗaga murfin ina shirin in ce ga shi nan, zannuwan uwata ne kawai.

Babu komai a ciki. Tsohuwar jaridar da Inna ta shimfiɗa a ƙasa, da sauran takardun makarantar Iliya, da ƙanshin kafur. Ko ɗankwali ɗaya bai rage ba.

Na manta da ɗalibai, na manta da sanduna. Na zauna daɓas a ƙasa na sa hannu ina shafa cikin adakar kamar kayan za su fito, na fasa kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka binne Inna. Matar nan ta sha hana cikinta don ta sayi zane ɗaya ta ajiye mini.

Kukana ne ya fito da Iliya. Da ƙafarsa ya ratso zaure, ya durƙusa a gabana a tsakiyarsu, ba tare da ya dubi kowa ba. Ya ce shi ya kwashe, ɗaya bayan ɗaya, in na tafi aiki, ya sayar a kasuwa ya ɗora a kan kuɗin abokansa, yana cewa in an ci zai mayar kafin Kirsimeti. Ya sunkuyar da kai yana jiran sanda ta sauka.

Ba ta sauka ba. Markus ya daɗe yana kallon cikin adakar, sai bel ɗin ya zame daga hannunsa. Ya zauna a ƙasa kusa da ni ya rufe fuska, yana cewa me zai gaya wa babansa. Baba Alhaji ya dubi sauran ya ce, “Kun gani. Shi ma cinye shi anka yi, awa ku. Wanda yac ci kuɗinku bai taɓa hitowa cikin akwatin talabijin ga ba. Ku tai gida.” Suka fara zamewa ɗaya ɗaya, wasu suka bar sandunansu a jikin bango.

Sai bayan kwanaki na gane abin da Ubangiji ya yi. Da na buɗe adakar nan aka same ta maƙil da atamfa, me kuke tsammani za su ce? Cewa za su yi ga inda kuɗinmu ya tafi. Ba mai tsayawa ya ji wai gadon uwa ne. Abin da na fito da shi don ya kare mu, shi ne da zai hallaka mu. Na ce wa Yesu ya ɗauki abin da yake so ya bar mini yaron, ashe an riga an ɗauka tun ban roƙa ba. Girma ya tabbata ga sunansa!

Kada in yi muku ƙarya cewa washegari komai ya gyaru. Iliya ya kwanta ciwo, ya maimaita shekara. Markus ya tafi ƙauye ya fuskanci ubansa, dattawan ikilisiya suka raka shi, damina biyu gidansu na noma da bijimin aro. Ƙaiƙayin cacar kuma bai saki Iliya nan da nan ba. Duk Asabar da yamma, lokacin da ake karanta sakamako, sai jikinsa ya ɗauki rawa. In kulle rediyo a cikin adakar, tunda akwai wuri, mu durƙusa mu yi ta addu'a har lokacin ya wuce. Wata Asabar muka tashi daga cin abinci muka ga duhu ya yi, ba wanda ya tuna. Ranar na san Yesu ya kwance shi.

Tallar kuwa ta ci gaba da fitowa har sai da suka samu wani yaron mai murmushi suka ɗora a kan babur. Na sha yi masa addu'a, ban san ko ɗan wa ba ne.

Iliya ya gama karatu, ya koyar har ya yi ritaya, shi ne ma ya ce in faɗi wannan a gabanku. Aurena kuwa matan zumunta ne suka haɗa mini zannuwa, iyayen wasunku na ciki. Daga baya Iliya ya saya mini atamfofi sun fi na Inna tsada, na karɓa na gode, amma a wani wuri na ajiye su. Adakar tana nan yadda na buɗe ta a ranar.

Ga makullin, na zo da shi, ku miƙa wa na baya su gani. Na nuna wa jikana shi a ranar da na same shi gaban tallar nan, na ce ya tambayi kakansa Iliya ina babur.

Ina gode wa Yesu da ya ji kukan mai buga tafireta a ɗakin haya. Ke da kike zaune nan da ɗa ko ƙane wanda abin nan ya kama, kina kwana da tsoro, kada ki yi shiru irin nawa na farko, kuma kada ki fid da rai. Ki kai shi gaban Ubangiji da sunansa. Wataƙila amsar ta zo miki ta inda za ki yi kuka, kamar yadda tawa ta zo. Ni dai na rasa zannuwan Inna, amma ɗanta yana nan da rai, jiya ma a gidana ya ci tuwo. Ku dogara gare shi. Amin.